Shekarar da Mahaifiyarku Ta Cire Kawunan Jatan Lande

Akwai wata magana da ku ukun kuka taso kuna ji a ƙauyenmu Madakiya, na kuma san ta kai kunnenku, domin 'yar'uwarku Rifkatu ta taɓa dawowa daga hutu tana kuka a kanta. Ana cewa mahaifiyarku ta raina Yaya Bulus, ta sa hannu a kyautar da aka aiko masa tun bai gani ba. Hannu kam ta sa. Abin da masu ba da labarin suke tsallakewa shi ne dalilinta, da kuma abin da ni na yi a ranar. Na daɗe ina karanta labarai a rediyo, inda aka koya mini in fara da abin da ya faru, sannan wanda ya yi, sannan dalili. Haka zan bi a nan.

A unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa aka haifi mahaifiyarku Nkechi, nan Kafanchan. Mahaifinta makanikin jirgi ne daga Gabas, amma duk dogon hutu wurin kakarta ake kai ta, can bakin teku, inda mata suke tarar kwale-kwale da kwanduna tun kafin ya taɓa ƙasa. Lokacin da abin nan ya faru muna da shekara goma sha ɗaya da aure, tana sayar da busasshen kifi da kirefish a kasuwa, kuma matan gidanmu ba su daina kiranta baƙuwa ba. Ba wanda ya zage ta. Ana dai gaishe ta kamar yadda ake gaida wadda za ta tafi gobe. Nata dangin su ma sun ja jiki, tun ranar biki ba su aiko wa gidanmu ko goro ba. Yaya Bulus shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ne babban gida, shi mahaifiyarku take kira Baba, kuma a daminar shekarar ya tashi daga wata doguwar jinya. Yana hutawa a gidan 'yarsa a Kagarko, aka sa ranar Lahadi za a yi godiya a coci, a ci abinci a gida. Da Emeka, wan mahaifiyarku, ya ji labari daga bakin teku inda yake aiki, sai ya cika babbar kula da ɗanyen jatan lande da ƙanƙara, ya ba wani direban motar kifi, ya ce a kai wa surukinsa. Wannan ce kyautar farko da ta fito daga danginta zuwa namu.

A gidanmu akwai ƙa'ida. Idan surukai suka aiko da nama, akuya ce ko kaza ko kifi, ba a taɓa shi sai babban gida ya gan shi cikakke a gaban dattawa biyu, ya ɗora hannu ya yi addu'a, kuma kan dabbar rabonsa ne. Ba kwaɗayi ya kawo ƙa'idar ba. An yi ta ne don kada wani ya rage kyauta a hanya, a zo ana gode wa suruki a kan rabin abin da ya aiko.

Kular ta iso ranar Talata da safe. Wuta ta kusa mako biyu ba ta zo unguwarmu ba, 'yan firizojin haya da ke gari kuma sai su daskare da safe su narke da yamma. Nkechi ta buɗe murfin, ta tura ƙanƙarar gefe, ta ɗauko ɗaya mai tsawon tafin hannuna, launinsa toka-toka, gashin bakinsa ya fi jikinsa tsawo. Ba ta kai shi hanci ba. Babban yatsa ta sa ta danna bayansa.

"Baban Ishaya, zo ka taɓa nan."

Na taɓa. Naman ya ture yatsana ya koma yadda yake.

"Kwana biyu kenan da fita ruwa," in ji ta. "Kan nan sai ya fita yau."

"Yaya sai Asabar zai dawo."

"Asabar? Chineke! Kafin Asabar ya cinye kansa."

"Wa zai cinye? Ai rufe take."

"Shi da kansa. Wannan abu cikinsa a kai yake. Abin da yake narka masa abinci bai san ya mutu ba. In abinci ya ƙare, nama zai kama."

Na kira Yaya a waya, na faɗa masa abin da ta ce, ko da yake na faɗe shi da irin muryar da mutum yake isar da saƙon da bai yarda da shi ba.

"Ba ƙanƙara a kai?" ya tambaya.

"Akwai, Yaya."

"Yana wari?"

"Ko kaɗan."

"To mene ne? Cinyar akuya ma tana kwana huɗu a sanyi. Kyautar farko daga surukai, in zo in tarar da guntaye? Kada kowa ya taɓa."

Dole in yi wa Yaya adalci, domin ni ma haka na yi tunani. Mu mutanen tudu hanya ɗaya muka sani da nama yake lalacewa: ya yi wari, ƙuda ya taru, ya canza launi. Hanci ne alƙalinmu. Mun kuma ɗauka sanyi yana tsayar da komai cak, kamar yadda ake tsayar da kaset. Na isar wa Nkechi da umarnin, ta ce ta ji. Washegari da na dawo daga aiki sai na tarar da kula biyu a tsakar gida. Ta aro ɗaya a wurin maƙwabciya, ta raba kyautar gida biyu daidai. Rabin farko yana nan da kawunansa. Rabi na biyu ta murɗe kawunan da hannu, ta wanke jikin a ruwan ƙanƙara, ta jera shi hawa-hawa, layin jatan lande, layin dakakkiyar ƙanƙara, ta buɗe 'yar ƙofar ƙasan kular don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Kawunan kuma ba ta zubar ba. Ta yi musu banda a kan wayar da take gyara kifinta, suka bushe ƙayau, suka yi ja, ta zuba su a sabon kwano mai murfi.

"Na ce kada a taɓa."

"Na ji ka. Rabi na bi maganarka, rabi na bi maganar kakata."

"Kin san abin da za a ce a Madakiya?"

"Na sani. Za a ce Nkechi ba ta da kunya. Wannan zan iya ɗauka. Amma a ce dangin Nkechi sun aiko wa Baba ruɓaɓɓen abu, bayan shekara goma sha ɗaya, wannan ba zan ɗauka ba." Ta ɗaga kwanon. "Ga rabon Baba nan. Ko ɗaya bai ɓata ba."

Abin da har yau nake jinjina mata a kai shi ne yadda ta kula da rabin da ta san zai lalace. Wani a matsayinta da ya bar shi ya narke, don gaskiyarsa ta fito da wuri. Ita sau uku a rana take sayo ƙanƙara wurin wani mai janareta, ta daka a buhu, ta canza wa kulolin biyu, kuma mai kawunan take fara yi wa. Ni kuma kowace safiya sai in buɗe in sunsuna. Ranar Alhamis na ga baƙin ɗigo a inda kai ya haɗu da jiki, na sunsuna, ƙamshin teku kawai na ji. Ranar Juma'a baƙin ya bazu, wani ruwa mai launin ƙwanduwar ƙwai ya fara ɓata farin naman da ke kusa da wuya, ruwan da ke tsiyayewa daga kular ya yi kauri. Na sunsuna, babu wari, na kwantar da hankalina. Ban danna da yatsa ba, ina jin don na san abin da zan tarar.

Ranar Asabar da hantsi muka kai kulolin Madakiya. Yaya yana zaune a gindin mangwaron tsakar gida, ya rame, amma muryarsa tana nan. Dattawa biyu suna gefensa, matarsa Mama Saratu da sauran matan gida suna tsaye a baya. Na buɗe kula ta farko. Ɗaya daga cikin dattawan ya leƙa ya ja da baya.

"Kai! Bulus, surukanka fara suka aiko maka? Farar da ta faɗa ruwa ta yi ƙiba?"

Aka yi dariya. Yaya ya miƙa hannu ya kama ɗaya ta kai, ya ɗaga don kowa ya gani. Jikin ya saki ya faɗo cikin ƙanƙara, kai kaɗai ya rage a hannunsa, ruwa yana bin yatsunsa. Dariyar ta tsaya. Ya ɗauki jikin ya matsa, yatsansa ya nutse kamar a dafaffen gwaza, ramin kuma bai cike ba. Ya nuna kula ta biyu. Da na buɗe, ga su nan a jere, farare tas, babu kai ko ɗaya.

"Ina kawunan?" in ji Mama Saratu.

Nkechi ta durƙusa da gwiwa biyu, ta miƙa kwanon.

"Baba, ga su. Ni na cire. Na ji tsoro kada duka ya zama kamar wancan."

Yaya bai dubi kwanon ba, bai dube ta ba. Ni ya duba, ya daɗe yana dubana.

"Dauda," ya ce, "yaya aka yi haka?"

"Na faɗa mata maganarka, Yaya."

Abin da na ce kenan. Babu ƙarya a ciki, kuma a duk abin da bakina ya taɓa furtawa, a rediyo ko a gida, babu wanda nake kunyarsa kamar wannan. Yaya ya ɗora hannu a kan kula ta farko ita kaɗai ya yi addu'a, ya gode wa Ubangiji, ya sa wa surukai albarka. Kwanon yana hannun mahaifiyarku har aka ce amin, ba wanda ya karɓa.

An dafa duka biyun, tukunya dabam-dabam. Mai kawunan ya watse a miya, sai ɓawo yana yawo a sama, naman ya zama kamar fate, 'yan gida suka ci da tuwo a bayan ɗaki. Wanda Nkechi ta gyara shi aka soya aka kai wa fasto da baƙi ranar Lahadi. Yana da tauri mai daɗi, haƙori yana jin sa, ana ci ana tambayar Mama Saratu yadda ta yi. Mahaifiyarku tana bakin rijiya tana wanke tukwane, domin tun daren Asabar matan gida suka yanke cewa wadda ba ta jin maganar babban gida ba za ta tsaya a kan tukunyar gida ba. Hukuncin ya yi shekara biyu. Kirsimeti biyu, Ista biyu, jana'iza ɗaya, tana zuwa da zanenta na aiki, ta wuce murhu ta nufi rijiya, tana wanke-wanke tana rera waƙoƙin zumuntar mata. Yaya ya kira Emeka ya yi masa godiya mai kyau, ya ce baƙi sun yaba. Mahaifiyarku kuma ba ta taɓa gaya wa wanta abin da ya biyo baya ba, don kada ƙofar da ta buɗe tsakanin gidajen biyu ta sake rufewa. Ni ma ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa, da na sami abin yin fushi a kai, na huta.

A shekara ta biyu aka ba ni wani shiri a kan adana abinci, na gayyato wata malamar kimiyyar abinci daga wata babbar makaranta. Bayan an kashe makirfo na ba ta labarin kulolin, ban ce a gidana aka yi ba. Ta yi mini bayani, ni kuma na rubuta shi a bayan takardar shirin, ga shi yadda na fahimta. Naman jatan lande zare-zare ne na furotin, an ɗaure su dami-dami da wani siririn abu mai kama da jijiya, kuma wannan ɗaurin shi yake sa naman ya ture yatsa, shi yake riƙe ruwan jikinsa. Lalacewa iri biyu ce. Akwai ta ƙwayoyin cuta, masu zuwa daga waje, su ne masu kawo wari, kuma ƙanƙara tana rage musu gudu sosai. Akwai kuma wadda take fitowa daga cikin dabbar. A cikin kan akwai wata gaɓa mai aikin hanta da tumbi a haɗe, cike da sinadaran da aikinsu shi ne yanka furotin. Tana da rai, suna tsare a wurinsu. Ta mutu, bangon gaɓar ya saki, su malalo cikin nama ta wuya, su fara yanke ɗaurin, sannan zaren kansa. Sanyin ƙanƙara yana sa su yi a hankali, amma ba ya hana su. Cikin tsokar ma akwai irinsu kaɗan, shi ya sa ko wanda aka cire wa kai yana da iyakar kwanakinsa, sai dai ya fi jimawa nesa ba kusa ba. Saboda haka nama yana iya zama fate kwanaki kafin hanci ya ji komai.

"Wanda ya cire kawunan nan," in ji malamar, "a wace makaranta ya yi karatu?"

Na ce wurin kakarta.

Ranar Asabar ta gaba na tafi Madakiya, na sami Yaya a gonar citta yana cire ciyawa. Na tsuguna kusa da shi na zayyana masa komai, furotin, zare, gaɓar da ke cikin kai, da irin Hausar da nake karanta labaran ƙarfe bakwai. Ya bar ni har na kai ƙarshe.

"Ka gama labaran?"

"Na gama, Yaya."

"Dauda, ina da haƙora. Na ci na wannan tukunya, na ci na waccan. Tun ranar na san wa ke da gaskiya." Ya jefar da ciyawar hannunsa. "Ni babban gida ne. A gaban dattawa ba zan ce matar ƙanena ta karya maganata kuma ta yi daidai ba. Gobe kowa ya karya. Amma da mijinta ya tashi ya ce, Yaya, laifin nawa ne, ni na tsaya mata, da na yi maka faɗa, ka durƙusa, in karɓi kwanon, a wuce wurin. Shi ya sa na dube ka. Sai ka karanta mini labarai."

Ya ci gaba da cire ciyawa.

"Shekara biyu ina jira ka zo. Yau ma sai da wata malama ta ba ka izini."

Ba zan ce Yaya ba shi da nasa rabon laifin ba, domin shekara biyu ta yi wa mai gaskiya yawa a bakin rijiya, kuma shi ma ya san haka. Ranar kasuwa ta gaba ya hau mota ya zo Kafanchan, abin da bai yi ba tun jinyarsa, ya sa na raka shi rumfar mahaifiyarku. Tana auna wa wata mata kirefish ta gan shi, ta saki mudun ta durƙusa. Ya zauna a bencinta, cikin ƙaurin busasshen kifi, ya sha ruwan da ta ba shi.

"Maman Ishaya," ya ce, kuma ranar ce ta farko da na ji ya kira ta haka, "wata mai zuwa autana zai yi aure. Akwai saniya, akwai awaki, akwai kifi. Ke za ki tsaya a kan nama. Abin da kika ce a yanka yau, a yanka. Abin da kika ce a dafa yau, a dafa."

"Baba, ko ba ka nan?"

"Musamman in ba na nan."

Da yamma a gida na fara ba ta haƙuri. Ta saurare ni tana gyaran alayyafo, ba ta ɗago ba.

"Baban Ishaya, ni ai na sani. Ba a ɗakin nan ka faɗi waccan magana ba. Ka je inda ka faɗe ta."

Ranar bikin ni aka ba makirfo, kamar kullum, tunda ɗan rediyo ba ya zuwa biki ya zauna. Bayan addu'ar fasto, kafin a fito da abinci, na roƙi jama'a minti biyu. Na ce shekara biyu da suka wuce, a gindin mangwaron nan, an tambaye ni magana na ba da amsar da ta bar matata ita kaɗai a durƙushe. Na ce abin da baƙi suka ci suka yaba a ranar godiyar Yaya aikin hannunta ne, kuma da ta bi maganata da babu abin da za a kai gaban fasto. Ina neman yadda zan ci gaba sai ga Mama Saratu ta fito daga wajen murhu, hannunta duk manja, ta ratsa ta tsakiyar kujeru ta zo har gabana, ta yi magana ba tare da ta lura makirfon yana kunne ba.

"Matar gidanmu ta ce ta ji, ta kuma yafe. Ta ce in ka gama ka sauka, kifinta zai huce."